Farautar Shirwa Da Kyamara A Sararin Gombe

Idan hantsi ya ɗaga a garin Gombe, watau tsakanin ƙarfe tara da goma na safe, ƙasa ta fara ɗaukar zafi, sai iska mai ɗumi ta riƙa tashi sama a murɗe, kamar guguwar da ido ba ya gani. A daidai wannan lokaci ne shirwa ke barin rassan itatuwan unguwar GRA, ta buɗe fukafukai ta hau kan wannan iska, ta yi ta kewaya tana ƙara nisa, da ƙyar za a ga ta kaɗa fiffike. Mutanen gari ba su ɗaga kai su dube ta, sai fa mai 'yan tsaki a tsakar gida. Amma ga mai kyamara wanda ya san abin da ya fito nema, wannan sa'a ita ce cin kasuwarsa.

Dalilin da ya sa GRA ta dace da wannan aiki ba boyayye ba ne. Tun da aka dawo da hedkwatar masarautar Gombe wurin da take yanzu cikin 1919, garin yake ta bunƙasa. Jirgin ƙasa ya iso cikin 1963, ciniki na auduga da gyaɗa ya kawo baƙi, sa'an nan ran 1 ga Oktoba 1996 aka yanke Jihar Gombe daga Jihar Bauci, garin ya zama babban birnin jiha. Gine-gine suka cinye gonaki da fili, gatari kuma ya bi itatuwa. Unguwar ma'aikatan gwamnati ita ce ta tsira da filaye masu faɗi da tsofaffin itatuwa, musamman mangwaro da maina, watau itacen nan da Kanawa ke kira darbejiya, mazauna Kudu kuwa suka fi saninsa da dogon yaro. Inda akwai dogon itace akwai wurin kwana da wurin sheƙa, inda akwai lambu akwai ƙadangare da ɓera da kurciya, inda waɗannan suke kuwa masu cin su ba su yin nisa.

SU WANE NE A SAMA?

Bahaushe yana da sunaye kaɗan ga tsuntsaye masu yawa. Akwai shirwa, mai launin ƙasa-ƙasa da wutsiya mai baki biyu, wadda take murɗa ta hagu da dama kamar mai tuƙin jirgin ruwa. Akwai shaho, sunan da ya haɗe iri-iri: da ƙaramin nan mai ruwan toka da ke kutsawa tsakanin rassa yana kama ƙadangare, da babban nan mai tsinin fukafukai da ke faɗo wa tantabara daga sama, da wani mai jan ƙeya wanda ba ya rabuwa da giginya. Akwai gaggafa, mai jar fuska da jajayen ƙafafu, wadda wutsiyarta gajeriya ce ƙwarai har ka ce ba ta da ita, tana tafe a sama tana karkata kamar mai tafiya kan igiya. Akwai ungulu, wadda ba ta bukatar a gabatar da ita. Sa'an nan akwai mikiya, wadda masu ƙamus na Hausa suka ce ita ce babbar ungulun dutse da masana ke kira da sunan wani Bajamushe, Rüppell. Ran 29 ga Nuwamba 1973 wani jirgin sama ya yi karo da irin wannan mikiya bisa Abijan, yana tafe mita 11,300 daga ƙasa. Da gashin da ya maƙale a injin aka gane ta. Har yau ba a tabbatar da wani tsuntsu ya wuce wannan nisa ba.

Masu karatu da ke zaune Agege da Idi-Araba, da Sabo ta Badun da ta Shagamu, da Anacha da Fatakwal, sun san shirwa sarai, domin kuwa tana shawagi bisa mayankar Oko-Oba da jujin Ojota kamar yadda take yi bisa kwatar kowane gari na Arewa. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne ita ma 'yar ci-rani ce. Wajen watan Oktoba, da ruwa ya fara ɗaukewa, sai ta gangaro Kudu, ta yi rani, ta yi sheƙa ta ƙyanƙyashe. Da damina ta kunno kai, tsakanin Afrilu da Mayu, lokacin da manoma ke ɗaure kaya a tashoshin Ikko za su gida shuka, ita ma sai ta kama hanyar Arewa, tana bin bayan ruwa tana cin fara da shinge. Gombe na kan hanyarta zuwa da komowa.

Ban da ita akwai wata baƙuwa, 'yar uwarta da ke ƙetare Hamada daga Turai ta yi hunturu a Afirka ta Yamma. A sama, da ido kawai, wuya ne a raba su. Babbar shirwar Afirka bakinta duka ruwan ɗorawa ne, ta Turai kuwa tsinin bakinta baƙi ne. 'Ya'yan ta Afirka su ma bakinsu da duhu yake kafin su girma, sai a duba zanen gashi. Mai karatu ya riƙe wannan zance na launin baki, za a komo kansa in an zo batun gyaran hoto.

ƘIFTAWAR IDO

Kyamara tana da ido, idon kuma yana da marfi. Hoto ba kome ba ne illa hasken da ya shiga a tsakanin buɗewar marfin da rufewarsa. Wanda ya zauna a kujerar mai hoto ya gyara hula ya yi shiru, kashi ɗaya cikin 60 na sakan ya ishe shi. Shirwa ba ta zama. In ana son gashin bakin fiffikenta ya fito ɗaya-ɗaya, a ƙirga su kamar yatsu, dole ƙiftawar ta kai kashi ɗaya cikin 2,000 na sakan. Shaho kuwa in ya tsuke fukafukai ya faɗo, sai an ƙara a kan haka, don akwai irin shahon da aka auna faɗowarsa ta wuce kilomita 300 a sa'a.

To, ga inda cinikin yake. Gwargwadon saurin ƙiftawa, gwargwadon ƙarancin hasken da zai shiga. Ga shi kuma tsuntsun yana nesa, sai da dogon gilashi, aƙalla mai milimita 400, shi kuwa dogon gilashi mai rangwamen kuɗi rowar haske gare shi. Saboda haka mai hoto kullum yana tsakanin abu biyu: ko hoto ya fito da duhu, ko ya fito da dishi-dishi. Akwai hanya ta uku, a ƙara wa kyamara ƙarfin jin haske, amma ita ma da kuɗinta, don hoton zai fito da ɗigo-ɗigo kamar an watsa masa tsakin gero.

Wannan matsala ta girmi kowa da ke raye yau. Cikin 1882 wani masani Bafaranshe, Marey, ya ƙera kyamara mai siffar bindiga, wadda ake sa wa a kafaɗa a auna tsuntsu, tana ɗaukar hoto 12 a sakan ɗaya, don kawai ya gane yadda fiffike ke aiki. Cikin 1937 wani Bature ɗan Ingila, Eric Hosking, yana aikin hoton mujiya da dare, sai ta kai masa sura a fuska, ya rasa idonsa na hagu. Da ya warke ya koma bakin aikinsa, ya kuma shafe fiye da shekara hamsin yana yi da ido ɗaya. A zamanin fim, ƙunshi guda hoto 36 ne, mutum ba zai san abin da ya kamo ba sai an wanke, watakila bayan mako, watakila ya tarar da sama fetal da guntun wutsiya a gefe. Kyamarorin 'yan shekarun nan suna ɗaukar hoto 20 ko 30 a sakan, wasu har suna gane idon tsuntsu su bi shi da kansu. Duk da haka ba su kawar da wuyar ba, sun dai rage asarar fim.

Abin da na'ura ba ta iya yi wa mutum shi ne sanin hali. Tsuntsu yana tashi yana sauka ne fuskarsa na kallon iska, kamar jirgin sama. A nan Gombe ta yi wa mai hoto gata a lokacin hunturu, domin iska tana busowa daga arewa maso gabas, rana kuma da safe tana gabas. Wanda ya ba gabas baya, ya sami rana a bayansa da iska a bayansa, sai shirwa ta riƙa fuskanto shi, haske na faɗa mata a ƙirji da ido. Wanda ya juya ya kalli gabas kuwa, abin da zai samu wutsiya ce da baƙar inuwa. Haka nan wanda ya san shirwa na bin hayaƙi, in ya hangi an sa wa ciyawa wuta a bayan gari, ya san za su taru su yi ta surar farar da wuta ta kora. Daren da aka yi ruwan farko, kashegari shinge zai tashi, su kuma za su sauko ƙasa-ƙasa har a ji motsin fukafukansu. Hankaka ma ɗan rahoto ne: in an ji sun cika wuri da kuka suna kai bara a kan itace guda, a duba da kyau, akwai shaho a ciki.

Riƙon kyamarar ma irin na maharbi ne. A kafa ƙafafu, a matse gwiwar hannu a jiki, a bi tsuntsun da ƙugu ba da wuyan hannu ba, in an danna kuma kada a tsaya, a ci gaba da bin sa. Da rana ta take, aiki ya ƙare, don zafin ƙasa na sa iska rawa, irin kawalwalniyar da direbobi ke gani a kan kwalta, dogon gilashi kuwa yana ƙara mata girma, kome kyaun kyamara hoton zai fito kamar an jiƙa shi. Sai kuma bayan la'asar.

Wani abu da ya kamata a faɗa, ko da yake ba na tsuntsu ba ne: GRA unguwa ce ta gidajen manya da ofisoshin gwamnati. Mutumin da ya tsaya bakin titi ya ɗaga wani dogon baƙin abu ya auna saman katangar wani, kada ya ga laifin maigadi in ya tambaye shi. Sallama da bayani tun kafin a buɗe jaka sun fi sauƙi.

WANKI A KAN KWAMFUTA

Da hunturu sararin Gombe fari ne fat da hazo. Kyamara in ta ga wannan fari sai ta ɗauka haske ya yi yawa, ta rage shi, tsuntsun ya fito baƙi ƙirin kamar an yanka shi da almakashi an manna. Gwani yakan ƙara haske mataki ɗaya ko biyu tun kafin ya danna. Duk da haka da wuya hoto ya fito daga kyamara a shirye. Abin da ake yi da a ɗakin duhu da ruwan magani da jar fitila, yau a kan kwamfuta ko wayar hannu ake yin sa, da manhajoji irin su Lightroom da Photoshop, wanda ya fara fita kasuwa cikin 1990.

Masu wannan sana'a sun fi son su ajiye abin da za a kira ɗanyen hoto, watau duk hasken da kyamara ta tara ba tare da ta dafa shi da kanta ba. Yana da nauyi, yana cika memori da wuri, kallon farko kuma ba shi da armashi. Amma a cikinsa ne zanen ƙarƙashin fiffike yake ɓoye cikin duhu, ana buɗe inuwar a hankali sai ya bayyana. Daga nan a datse gefe, don tsuntsun da ya cika kashi ɗaya cikin goma na hoto ya matso kusa, a bar masa fili ta gaban da ya nufa. A rage ɗigo-ɗigon nan. A ƙara kaifi kaɗan a ido da baki. A goge tabon ƙura, don ƙurar hunturu ba ta barin cikin kyamara, musamman ga mai yawan cire gilashi a waje. Shi ma wannan gogewa da lura ake yin ta: ɗigon da ake zaton ƙura ne, wani lokaci tsuntsu ne na biyu can nesa. Yadda ake ganewa, ƙura tana nan wuri ɗaya a kowane hoto, tsuntsu kuwa ya gusa.

Duk waɗannan halal ne, don ba su ƙara kome ba, sun fito da abin da yake nan ne. Matsala tana farawa daga inda hannu ya ji daɗin maɓalli. Tun 2020 Photoshop yana da wurin da za a danna sau ɗaya a cire farin hazo a sa shuɗin sama mai gajimare. Sababbin manhajoji masu ƙwaƙwalwar na'ura suna iya cike fiffiken da ya fita daga hoto, su ƙago gashin da kyamara ba ta gani ba, su ɗauko tsuntsu daga wani hoto su dasa a wani.

Mazauna Kudu sun san irin wannan tun ba yau ba. Wane ne bai taɓa ganin hoton da aka aika gida ba, saurayi ya jingina da babur ɗin aro, bayansa labule mai zanen benaye da jirgin sama? Wannan ƙarya ce mai daɗi, kowa ya san da ita, tsohuwa ta rataye a ɗaki ta yi ta sa albarka. Hoton tsuntsu ba haka yake ba. Wanda ya sa gajimaren damina a bayan shirwar da ya ɗauka cikin Janairu, ya canja mata wata. Wanda ya ƙara wa launi ƙarfi don hoto ya yi kyau, har duhun baki ya koma ruwan ɗorawa, ya mai da baƙuwar Turai 'yar gida. Wanda ya tara ungulu biyar daga hotuna biyar ya jera su bisa itace guda, ya yi shaidar zur a kan abin da ya fi kome muhimmanci, watau yawansu.

Manyan gasa na duniya ba su wasa da wannan. Gasar hoton namun daji da gidan tarihin halittu na Landan ke shiryawa takan nemi a kawo ɗanyen hoto a gwada da wanda aka gyara. Wanda ya ci babbar kyautarta ta 2009 da hoton kyarkeci yana tsallake ƙyaure, an karɓe kyautar a farkon 2010, da alƙalai suka gamsu dabbar ta gida ce aka yi hayarta. Cikin 2018 kuma aka soke wani hoto daga Barazil, na wata dabba mai cin gara a gindin suri, da masana suka ce gawa ce da aka cusa wa kaya aka tsayar.

INA UNGULU?

Mai karatu zai ce, to, duk wannan tsanani a kan tsuntsu? Amsa tana sama, ko kuwa a ce tana cikin abin da babu a sama. Duk wanda ya yi wayo a Arewa kafin 1990 ya san kwata ba ta cika kwata ba sai da ungulaye jere a kan katanga, suna tsalle tsakanin ƙafafun mahauta, ana korar su da ƙafa kamar kaji. Yau a yawancin manyan garuruwan Arewa mutum zai yi wata da watanni bai ga ko ɗaya ba, yara da yawa kuwa a karin magana kaɗai suka san ta. Ana cewa ungulu ta koma gidanta na tsamiya. Tsamiyar na nan a wasu wurare, mai gidan ce babu.

Ba zato ba ne, an ƙirga. Wani masani Bafaranshe, Jean-Marc Thiollay, ya bi hanyoyin mota fiye da kilomita 8,000 a Burkina Faso da Mali da Nijar tsakanin 1969 da 1973, yana rubuta kowane tsuntsu mai farauta da ya gani. Cikin 2003 da 2004 ya sake bin hanyoyin nan, a irin lokacin, da irin ƙirgar. Ya tarar manyan ungulaye, su mikiya, sun ragu da kashi 98 cikin ɗari a wajen gandun daji. Cikin 2015 ƙungiyar duniya mai lura da halittun da ke shirin ƙarewa ta sa ungulun gari da mikiya a matakin ƙarshe kafin ɓacewa daga daji. Cikin 2020 gaggafa ta shiga jerin waɗanda ke cikin hatsari. Wani bincike da aka buga a farkon 2024, wanda ya duba iri 42 na tsuntsaye masu farauta a dazuzzukan Afirka, ya sami kusan kashi 90 cikin ɗari nasu suna raguwa, abin kuma ya fi muni a Afirka ta Yamma.

Dalilan sanannu ne. Sare manyan itatuwa. Guba da ake sa wa a mushe don kura ko karnuka, ungulu ta ci ta mutu da ita da 'yan uwanta. Wayoyin lantarki. Sa'an nan babban dalili a wannan yanki, cinikin kai da ƙafa da gashi da ƙwai na ungulu don magani da tsafi. Tsakanin ƙarshen 2019 da farkon 2020 a Gini Bisau an kashe ungulu fiye da 2,000 da guba, da yawa an tarar an yanke kawunansu. Ita kuwa ungulu ƙwai ɗaya tak take yi a shekara, ɗan kuma sai ya yi shekaru kafin ya isa haihuwa. Abin da aka kashe a yini ɗaya, shekara ashirin ba ta mayar da shi.

Wanda ke ganin rashin ungulu ba asara ba ne, ya tambayi Indiya. A can wani maganin ciwon jiki da ake yi wa shanu, diclofenac, ya kashe fiye da kashi 95 cikin ɗari na ungulayensu tun daga shekarun 1990, kafin a hana ba dabbobi shi cikin 2006. Mushe ya riƙa ruɓewa a fili, karnukan banza suka yawaita, ruwa ya gurɓace. Wasu masana tattalin arziki sun yi lissafi cikin 2024, suka ƙiyasta mutuwar mutane wajen rabin miliyan tsakanin 2000 da 2005 tana da nasaba da wannan rashi. Ma'aikaciyar tsabta ce da ba ta karɓar albashi, ba a san aikinta ba sai da ta bar shi.

HOTO A MATSAYIN SHAIDA

Nan ne mai kyamara na Gombe ya shigo. Thiollay mutum ɗaya ne da mota da littafin rubutu. Yau aikin ƙirga ya koma hannun jama'a. A Laminga, kusa da Jos, akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis, wadda aka kafa cikin 2001 tare da Jami'ar Jos. Daga can ne aka fara aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya a ƙarshen 2015. An yanka ƙasar nan gida-gida a kan taswira, kowane gida kamar kilomita 9 tsawo da faɗi. Mai sa kai zai shiga gida guda, ya yi aƙalla sa'a biyu yana dubawa, ya rubuta duk irin da ya gani a wayarsa ta manhajar BirdLasser, ya aika. Samari da 'yan mata na Arewa, ɗalibai da malamai da ma'aikata, sun shiga wannan aiki, sun cike gidaje masu yawa da ba a taɓa rubuta kome a kansu ba.

In mutum ya rubuta ya ga hankaka ko kurciya, ba mai tambayarsa. In ya ce ya ga gaggafa bisa GRA, ko mikiya a hanyar Dadin Kowa inda aka datse kogin Gongola, masu tantancewa za su ce ina shaida. Shaidar ita ce hoto, kuma ba lalle sai mai kyau ba. Hoto mai dishi-dishi da aka ɗauka da wayar hannu, muddin siffar fiffike da wutsiya sun fito, ya fi wanda aka ƙawata aka taɓa amfani nesa ba kusa ba. Kowane hoto na zamani yana ɗauke da rubutu a cikinsa wanda ido ba ya gani: rana, da sa'a, da irin kyamara, wani lokaci har da daidai wurin da aka tsaya. Saboda haka ake son a ajiye na asali kada a taɓa shi, a yi gyara a kan kwafi. Wanda aka tura ta WhatsApp a matsayin hoto an matse shi, wannan rubutu kuma ya zube a hanya.

Akwai kuma abin da bai kamata a yi don samun hoto ba. Wasu kan ɗaure ɗan tsako a fili don shirwa ta kawo sura a gaban kyamara. Ban da zaluntar ɗan tsakon, ana koya wa shirwa shiga gidajen mutane, ƙarshenta kuwa danƙo ko guba. Wasu kan hau itace su leƙa sheƙa, uwa ta tashi, rana ta dafa ƙwan ko hankaka ya fasa shi kafin ta komo.

Mafi hatsari duka shi ne hoton sheƙar ungulu. Binciken da Yohanna Saidu da Ralph Buij suka buga cikin 2013 a kan kasuwannin Arewa ya nuna masu sayar da sassan ungulu har daga Nijar da Cadi da Kamaru da Binin suke samo kaya, domin na gida sun yi wuya. Wani kaso na wannan kaya Kudu yake gangarowa, ya ƙare a rumfunan masu magani na Badun da Ikko da Anacha. Mai karatu da ke aiki a tasha ko a kara watakila ya taɓa ganin buhun, bai san abin da ke ciki ba. Gidauniyar kare halittu ta Nijeriya, mai hedkwata a Lekki, ta yi shekaru tana zama da masu maganin gargajiya a kan su koma ga saiwa da ganye maimakon kan ungulu, akwai kuma ranar ungulu ta duniya da ake yi Asabar ta farko a watan Satumba. Amma muddin akwai mai saye, akwai mai nema, shi ma kuwa yana da waya yana duba Facebook.

Saboda haka wanda Allah ya ba sa'a ya ga ungulu na ɗaukar kara a baki tana shiga wata kuka ko rimi a kewayen Gombe, hotonsa kashi biyu ne. Na asali, da ranarsa da wurinsa, ya tafi ga masu taswira a Jos. Wanda zai nuna wa jama'a kuwa, a cire masa rubutun wuri, a datse duk abin da zai sa a gane inda itacen yake, ko hasumiyar masallaci ce, ko tankin ruwa, ko allon wata makaranta, a kuma jinkirta sa shi har ɗan ya yi fiffike ya bar sheƙa. Ungulu da rani take ƙwai, daga kwanciya zuwa tashin ɗa kuwa ana cin wata biyar ko fiye, watau hoton da aka ɗauka cikin Disamba zai jira har ruwa ya sauka.